Abin da Agogo da Littafin Rubutu Suka Koya Mana a Gasar Mutum-mutumi

Tsakanin Katsina da birnin Houston na Amurka akwai ratar awa shida a watan Afrilu, wato idan su can sun buɗe wasa da ƙarfe 9 na safe, mu nan ƙarfe 3 na rana ne, la'asar ta gabato. Na riƙe wannan lissafi ne domin shekara uku ke nan a jere ina tara ɗaliban ƙungiyar fasaha ta makarantarmu a ɗakin gwaje-gwaje, mu jingina kwamfuta a kan teburin malami, mu kalli gasar ƙarshe ta mutum-mutumi da ƙungiyar FIRST take shiryawa a can, wadda ake watsawa kai-tsaye ta intanet ba tare da an biya ko sisi ba, in ban da kuɗin data. Wani lokaci gasar takan faɗo cikin hutu, amma yaran sukan zo, wasu daga Ƙofar Ƙaura, wasu daga can bayan Ƙofar Marusa, wasu a keke, wasu a ƙasa.

A shekarar farko kallo kawai muka yi, irin na wanda ya fito ganin hawan sallah: ido yana bin abin da ya fi ƙyalli, baki yana sowa idan an yi bajinta. Yara sun tashi da sha'awa, amma kuma gwiwarsu ta yi sanyi, domin a bakin ƙofa wani yaro ya ce da ni, "Malam, ai waɗannan kuɗinsu ne ke yi masu wasa." Maganar ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma ban sami amsar da zan ba shi a ranar ba.

Amsar ta zo ne a shekara ta biyu, daga hannun wata ɗaliba 'yar aji biyar wadda ba ta cika magana ba. Ta zauna a gefe da littafin rubutu da agogon waya, ta zaɓi mutum-mutumi guda ɗaya a cikin shidan da ke fili, ta ƙi kallon sauran, ta riƙa rubuta daƙiƙa nawa yake ɗauka daga ɗauko abin wasa zuwa ajiye shi inda ake cin maki, da kuma sau nawa abin yake suɓuce masa. Bayan wasa biyar ko shida ta miƙo mini littafin, ta ce, "Malam, wancan mai dogon hannu da kowa ke yi wa tafi ba shi ne ke kawo masu maki ba, wannan gajeren ne, shi bai taɓa tsayawa ba." Daga ranar ne na daina ɗaukar watsa gasa kai-tsaye a matsayin nishaɗi, na mayar da shi aji, kuma a kan wannan nake son yin magana da 'yan'uwana malamai da masu shirya irin wannan gasa a jiharmu.

Kalmar mutum-mutumi takan ruɗa iyaye, domin sukan zaci wani abu ne mai kai da ƙafafu. Abin da yara ke ƙerawa ya fi kama da akwati mai tayoyi da hannu guda, shi ya sa ɗalibaina suke kiran nasu "motarmu". Gasar da muke kallo ta samo asali ne daga wani mai ƙirƙira ɗan Amurka, Dean Kamen, wanda ya kafa FIRST a 1989, aka yi gasar farko a 1992. A babban rukuninta ƙungiyoyi uku ne suke haɗuwa su zama ɓangaren ja, wasu uku kuma ɓangaren shuɗi, kuma kowace shekara a watan Janairu ake sanar da sabon wasa da sabbin dokoki. Akwai ƙaramin rukuni, FIRST Tech Challenge, inda ake karawa biyu da biyu a fili mai ƙafa 12 a kowane gefe, mutum-mutumin kuma dole ya shige cikin ma'aunin inci 18 kafin a busa. Daƙiƙa 30 na farko shi kaɗai yake tafiyar da kansa bisa umarnin da aka rubuta masa, sannan a sakar wa matuƙa minti 2. Gasar VEX ma kusan haka take, sai dai nata lokacin tafiyar da kai daƙiƙa 15 ne, na matuƙa kuma minti 1 da daƙiƙa 45. A nahiyarmu akwai gasar PARC da Dakta Sidy Ndao ɗan Senegal ya assasa. Amma wadda na fi kafa wa ɗalibaina hujja da ita ita ce FIRST Global, wadda aka fara a birnin Washington a 2017, kowace ƙasa ƙungiya ɗaya, kuma kowa da irin kayan da aka aika wa kowa. A waccan shekarar ce aka hana 'yan matan Afghanistan da ƙungiyar Gambiya biza da farko, daga baya aka ba su. Idan kaya iri ɗaya ne a hannun kowa, amma maki ya bambanta nesa ba kusa ba, to akwai abin da ya rage bayan an cire kuɗi, kuma wannan abin ana iya koyonsa a Katsina.

Farkon abin da ya rage ɗin shi ne karanta littafin dokoki kafin a taɓa sukudireba. Yara, har da manya, sukan ga filin wasa su fara tunanin hannu mafi tsawo da zai kai kwando mafi nisa, alhali tambayar da ta kamata ita ce maki nawa kowane aiki yake kawowa a cikin daƙiƙa nawa. Bari in ba da misali da ƙaramar gasar sada zumunci da mukan yi da wasu makarantu a nan cikin gari, da kayan Arduino, wato ƙaramin allon da ake rubuta wa umarni ya tafiyar da mota, waɗanda ake samu da sauƙin kuɗi. A dokarmu ƙwallon da aka jefa a kwandon sama maki 5 ne, wanda aka tura cikin ramin ƙasa kuma maki 2. Da muka auna, motarmu tana buƙatar daƙiƙa 24 ta ɗauki ƙwallo, ta daidaita, ta ɗaga hannu ta jefa a sama, amma daƙiƙa 8 sun ishe ta tura ɗaya a ƙasa. A cikin minti 2, jifan sama sau biyar kawai za ta yi, ko da duka sun shiga maki 25 ne, kuma ba duka suke shiga ba. Turin ƙasa kuwa sau 15 ne, maki 30. Yaran da suka kwashe mako uku suna ƙera hannun ba su ji daɗin wannan lissafi ba, ni ma na tausaya masu, amma da kansu suka kwance shi suka maye gurbinsa da faffaɗan allo na roba mai tura ƙwallo biyu a lokaci guda.

Daga nan sai batun juriya, wanda a ganina ya fi kowane batu nauyi a wurinmu. Mutum-mutumin da ya tsaya a tsakiyar fili ba shi da maki komai kyan ƙirarsa, kuma yawancin abin da ke tsayar da namu ƙanana ne: wayar da aka murɗa da hannu maimakon a like ta da dalma, noti da ya kwance saboda jijjiga, batirin da ba a san yaushe aka yi masa caji ba. Batiran 18650 guda biyu da muke haɗawa suna ba da bolt 8.4 idan sun cika, suna sauka zuwa 7.4 da ƙasa yayin aiki, allon L298N da ke rarraba wa tayoyi wuta kuma yana cinye kusan bolt 2 a cikinsa. Saboda haka idan yaro ya rubuta umarni cewa mota ta yi gaba na daƙiƙa biyu sannan ta juya, tazarar da za ta ci da safe da cikakken batir ba ita za ta ci da azahar ba, sai ka ga ta juya kafin ta kai wurin. Maganinsa shi ne a daina dogaro da lokaci, a sa mata abin ƙirga juyin taya ko idon da ke bin layi, in kuma babu hali, a liƙa wa kowane batir lamba, a riƙa shiga kowane wasa da wanda aka cika. Idon bin layin shi ma yana da nasa hali, domin da hasken da ido ba ya gani yake aiki, kuma hasken rana cike yake da irinsa. Mun taɓa gwada motarmu mako guda a ɗaki mai duhu tana bin layi tiryan-tiryan, ranar gasa aka shimfiɗa fili kusa da taga, rana ta faɗo a kansa, ga ƙurar hunturu ta kwanta a kan farin allon, mota ta bar layi ta nufi ƙafar alƙalin wasa. Tun daga ranar ba ma shiga wasa sai mun sake daidaita idon a kan ainihin filin, mun goge tayoyi da tsumma mai ɗan laima, mun kuma yi wa idon 'yar rumfa da baƙin kwali.

Akwai kuma darasin ƙawance, wanda ba a ganinsa sai an kalli wasanni da yawa a jere. A zagayen share fage jadawali ne yake haɗa ƙungiyoyi, wanda kuka yi ɓangare ɗaya da shi da safe yana iya zama abokin karawarku da yamma. Bayan an gama, a babban rukunin FIRST ƙungiyoyi takwas da ke sama su ne suke zaɓar waɗanda za su shiga zagayen ƙarshe tare da su, kuma sau da yawa za ka ga sun tsallake wanda ke kusa da su a jeri sun ɗauko wani daga can ƙasa, domin sun lura shi ba ya lalacewa, ko ya iya tare hanya ba tare da ya jawo hukunci ba. Duk wanda ya yi langa yana yaro ya san wannan tsari: ruwa guda ɗaya ne, sauran aikinsu su buɗe masa hanya su kuma tare masu son kayar da shi, kuma idan kowa ya ce shi ne ruwa an sha kashi. Ina gaya wa ɗalibaina cewa kafin kowane wasa su je wurin abokan ƙawancensu su faɗi gaskiyar abin da motarsu take iyawa, kada su ƙara gishiri, domin wanda ya ce yana iya abin da bai iya ba ya rusa shirin mutum biyu. Su kuma amince tun kafin busa wa zai bi dama, wa zai bi hagu, da kuma daƙiƙar da kowa zai bar abin da yake yi ya nufi wurin ajiye mota, domin makin rufe wasa yakan yi yawa, kuma an fi yin asararsa saboda kwaɗayin ƙwallo ɗaya na ƙarshe.

Manyan ƙungiyoyi suna da ɗalibai na musamman da ba sa taɓa mutum-mutumi sam, aikinsu su zauna a kan benci su cike takarda a kan kowace ƙungiya, kuma akwai shafin The Blue Alliance da ke tara sakamako da bidiyon wasannin shekaru masu yawa. Abin da ɗalibata ta yi da littafinta shi ne wannan aikin, ba tare da kowa ya koya mata ba. Matuƙi kuwa, a ba shi mota ya yi ta tuƙi mako biyu kafin gasa ya fi a ƙara mata sabon hannu a daren jajibiri.

To, duk wannan mun same shi ne saboda waɗanda suka watsa gasar sun watsa ta yadda za a iya koyo: kyamara tana sama tana ɗauke da fili gaba ɗaya, agogo da maki suna manne a allo, lambar kowace ƙungiya tana bayyane, kuma ana barin bidiyon bayan an tashi. A nan ne nake da ƙorafi a kan yadda mu muke yi. Karon farko da aka watsa ƙaramar gasarmu, wanda aka ba wayar ya yi iya ƙoƙarinsa, amma a hannu ya riƙe ta, yana bin duk motar da ta fi gudu, yana matsowa yana ja da baya, idan wani babban baƙo ya shigo ya juya kansa. Jawabai sun ci kusan awa guda cif a cikin bidiyon, wasannin kuma babu ko ɗaya da aka ɗauka daga farko zuwa ƙarshe. Da muka zauna mako na gaba don mu gano abin da ya sa muka faɗi a wasan kusa da na ƙarshe, sai muka tarar a daidai wannan lokacin kyamara tana kan masu tafi. Ban ga laifin karrama baƙi ba, al'adarmu ce kuma su ne suke taimaka mana, amma yaran da suka yi wata biyu suna aiki sun cancanci a ga aikinsu.

A karo na biyu mun canza tsari, kuma bai ci kuɗi mai yawa ba. Mun ɗaure waya ɗaya a kan maɗori mai ƙafa uku, muka ɗora shi a kan tebur a tsakiyar dogon gefen fili, ta bayanta taga take domin kada haske ya dushe hoton, muka kuma yi alkawari babu mai taɓa ta har a tashi. Mun haɗa ta da kwamfuta mai manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce, muka sa sunayen ɓangarori da agogo a ƙasan allo, wani ɗalibi yana sabunta maki da hannu. Wanda zai watsa ta YouTube ya sani cewa karon farko buɗe damar watsa kai-tsaye yana iya ɗaukar awa 24, kuma daga waya kai-tsaye sai tasha tana da mabiya 50, don haka ba aikin safiyar gasa ba ne. Batun data ma a yi lissafinsa tun da wuri: idan aka saita hoto a 720p da gudun kilobit 2,500 a daƙiƙa, awa guda tana cin ɗan abin da ya haura gigabayit 1, wunin awa biyar kuma ya kusa gigabayit 6. Gara a rage kyan hoto ya tafi ba yankewa, da a ɗaga shi ya riƙa tsayawa a tsakiyar wasa, musamman da yake yawancin masu kallonmu a ƙaramar waya suke gani. Mun kuma sa manhajar ta riƙa adana kwafi a cikin kwamfuta, domin ko sabis ya yanke, wasan bai ɓace ba, kuma mun cika batirin kwamfuta da na waya saboda ɗaukewar wuta.

Abu guda da ba kowa yake lura da shi ba shi ne cewa mai watsawa yana iya cutar da masu wasa. Wi-Fi na waya da Bluetooth da yawancin motocinmu suke amfani da shi duk a zangon gigahaz 2.4 suke tafiya, idan kuma zauren ya cika da wayoyi masu raba intanet, sai matuƙi ya danna gaba mota ta yi jinkirin amsawa. Shi ya sa a gasannin FIRST doka ta hana kowa kunna nasa Wi-Fi a cikin zaure. Mu da igiyar USB muka haɗa waya da kwamfuta, muka kuma roƙi jama'a ta lasifika su kashe nasu. Haka nan mun hana sa waƙoƙin mutane a lokacin hutu, domin manhajojin watsawa suna gane waƙa mai haƙƙin mallaka, suna iya toshe sauti ko su dakatar da watsawar.

Sharhi da Hausa shi ne abin da ya fi faranta mini rai. Mun zaɓi ɗalibai biyu, mace da namiji, muka ba su makirfo, muka ce su yi wa wanda bai taɓa ganin irin wannan wasa ba bayani. Su ne suka raɗa wa daƙiƙoƙin farko suna "lokacin cin gashin kai", tafiya da dawowar mota kuma suka kira ta "sawu", har ka ji suna cewa ɓangaren ja ya yi sawu tara, shuɗi yana na shida. Da yamma mahaifin ɗalibar nan mai littafi ya kira ni daga Daura, inda yake aiki, ya ce, "Malam, Allah ya saka da alheri, yau na ga abin da ɗiyata take zama yi har magariba, kuma na gane shi." Kafin wannan rana sau biyu yana aiko tambaya ko wannan ƙungiya ba za ta raba ta da karatun jarrabawa ba.

Wannan kiran ya tuna mini da wani nauyi da ke kanmu. Waɗannan yara ne, kuma abin da aka sa a intanet ba a iya janye shi. Kafin mu watsa mun aika wa iyaye takarda, wanda bai amince a nuna fuskar ɗansa ko 'yarsa ba mun mutunta ra'ayinsa, ba ma kiran cikakken sunan kowa, sunan ƙungiya kawai, kuma mun sa malama ɗaya tana lura da abin da masu kallo suke rubutawa. Kyamarar da ke kallon fili daga sama ta sauƙaƙa wannan ma, domin motoci take nunawa, matuƙa kuma daga nesa ake hango su.

Yanzu muna da bidiyon wasanni goma sha huɗu cikakku, kuma makarantun da muka kara da su duk mun tura masu, domin ba na ganin amfanin ɓoye abin da zai ɗaga wasan kowa. Ɗalibar ta kammala makaranta, ta bar wa 'yan aji huɗu littafinta, sun kuma ja layuka sun mayar da shi takardar da ake cikewa: sawu nawa, suɓucewa nawa, ta ci gashin kanta ko ba ta ci ba, ta kai wurin ajiya ko lokaci ya cim mata. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu sake zama a kan wasa na bakwai, inda motarmu ta tsaya cik a daƙiƙa ta 41 na tsawon numfashi biyu sannan ta ci gaba. Masu haɗa waya sun ce batir ne, masu batir sun ce wayar allon tayoyi ce ta motsa lokacin da aka yi karo, kuma an riga an ba yaro guda aikin rage gudun bidiyon zuwa kashi ɗaya cikin huɗu domin mu ga ko ƙaramar fitilar da ke kan Arduino ta mutu a wannan lokacin.